Ayu da Madobiya: Wanne Ya Fi Kusa da Ƙarewa?

Da wuya a sami Bahaushen birni da zai ce bai taɓa jin kalmar ayu ba, amma kuma da wuya a sami wanda ya ji ta ita kaɗai ba tare da an ɗaura mata kalmar mai a gaba ba. Man ayu kowa ya san shi, ko a bakin masu tallar magani a tasha, ko a cikin kayan da ake haɗa wa amarya. In kuwa aka matsa da tambaya, aka ce to shi mai man wane iri ne, sai a ji amsoshi barkatai: wani ya ce kifi ne, wani ya ce ɗan ruwa ne, wani ma ya ce ai tatsuniya ce kawai. Madobiya kuwa labarinta dabam ne. Makiyayi ya san ta, masassaƙi ya san ta, mai maganin gargajiya ya san ta, amma ɗan makarantar da ya tashi a Kano ko Zariya sai ya buɗe ƙamus kafin ya gane cewa sunan itaciya ne.

Waɗannan halittu biyu, ɗaya dabbar ruwa mai shayarwa, ɗaya itaciya mai fure, dukkansu suna cikin jerin abubuwan da masana suka ce suna fuskantar barazanar ƙarewa daga doron ƙasa. A bisa takarda madobiya ce ta fi shiga uku. Abin da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, idan aka auna al'amarin da idon basira, ayu ne ya fi kusa da bakin rami, kuma dalilin haka ya shafi masu nazarin harshe da al'ada fiye da yadda ya shafi ma'aikatan gandun daji.

Ayu dai ba kifi ba ne. Dabba ce mai huhu, wadda dole ta riƙa ɗago hanci sama tana shaƙar iska bayan 'yan mintoci, ko da yake idan tana hutawa takan jima a ƙarƙashin ruwa. Babban ayu yakan kai tsawon mita 3 ko fiye, nauyinsa kuwa ya wuce kilo 300. Yana da hannuwa biyu gajeru masu kama da filafili, da wutsiya mai faɗi kamar faifai, ba shi da ƙafafun baya. Nonon macen yana ƙarƙashin hammata ne, wanda hakan na cikin abubuwan da suka sa mutane a wurare da yawa suke kamanta ta da 'yar Adam. Ciyawar ruwa da ganyayen bakin gaɓa su ne yawancin abincinsa, kuma saboda yashin da ke cikin ciyawar yana cinye masa haƙora, sai Allah ya yi masa baiwar da turamen haƙoransa ke tafiya daga baya zuwa gaba, na gaba su zube, sababbi su tsiro a baya, har iyakar rayuwarsa. Abin mamaki, masana ilmin halittu sun ce a cikin dabbobin tudu giwa na cikin waɗanda suka fi kusa da shi a dangantaka. Irin wanda ke Afirka, wanda suke kira Trichechus senegalensis, ana samunsa daga Senegal har Angola, a bakin teku da kuma can cikin koguna. A Nijeriya yana cikin Kwara da Binuwai da rassansu, da tafkin Pandam na Jihar Filato, da fadamun Neja Delta. A Chadi yana tafkunan Lere da Tirene, waɗanda kogin Mayo Kebbi ya haɗa su da Binuwai.

Sunan nan ayu ba sabo ba ne a rubuce. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashen nan da sunan Abdulkarim, ya iso bakin Binuwai a 1851 kan hanyarsa ta zuwa Yola, kuma ya ambaci dabbar da wannan suna a littafin tafiyarsa. Haka nan Bargery ya sa kalmar a ƙamusunsa na 1934. Watau dai kalmar ta riga bincike na zamani isa ga dabbar.

Ita kuwa madobiya itaciya ce ta dajin da ke tsakanin sahel da kurmi, daga Senegal zuwa Chadi da Afirka ta Tsakiya. Takan kai mita 12 zuwa 15. Dangin wake da gyaɗa ce, don haka saiwarta na ƙara wa ƙasa ƙarfi. Da rani takan zubar da ganye sarai, sa'an nan a tsakiyar hunturu, lokacin da daji ya bushe ya yi toka-toka, sai ta rufe kanta da furanni ruwan ɗorawa, ƙudan zuma su yi ta kai da kawowa. Ɗanta zagayayye ne mai fiffike, da ƙayoyi a tsakiya, shi ya sa rabin sunanta na kimiyya, Pterocarpus erinaceus, yake nufin mai kama da bushiya. In an sare ɓawonta sai wani jan ƙaro ya tsattsafo kamar jini, wanda ake amfani da shi a rini da magani. Amma babban amfaninta ga talaka shi ne ganyen da take fitarwa a ƙarshen rani, kafin ruwa ya sauka, lokacin da ciyawa ta ƙare shanu suka rame. A wannan lokaci ne makiyayi ke hawa ya sassabo rassa ya zubo wa dabbobinsa. Dalziel ya rubuta sunanta a littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa tun 1916.

Wannan itaciya ta daɗe ana amfani da ita ba tare da ta ƙare ba, sai da kasuwar ƙasar Sin ta waiwayo kanta. A can akwai tsohuwar al'ada ta sassaƙa kujeru da gadaje da tebura da jan katako mai nauyi, irin na zamanin sarakunan Ming da Cing, abin da suke kira hongmu. Da arziki ya bunƙasa, masu son irin wannan kaya suka yawaita, aka cinye itatuwan kudu maso gabashin Asiya, sai fatake suka juyo Afirka ta Yamma. Suka fara da Gambiya da yankin Kasamas na Senegal, suka bi ta Gini Bisau da Ghana da Togo da Binin, kowace ƙasa in manyan itatuwanta suka ƙare a matsa gaba. A Nijeriya abin ya kankama ne wajen 2013, ya ratsa Kogi da Binuwai, ya yada zango a Taraba, a yankunan Bali da Gasol da Gashaka, har ya taɓa gefen gandun dajin Gashaka Gumti, wanda ya fi kowane girma a ƙasar. Samari suka bar gona suka ɗauki zarto mai inji, aka riƙa fafe gumagumai ana loda su a manyan motoci zuwa Ikko. Cikin 'yan shekaru Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen aika wa Sin irin wannan katako. A 2017 wata ƙungiyar bincike mai suna EIA ta fitar da rahoto inda ta ce gumagumai sama da miliyan 1.4, waɗanda kuɗinsu ya kai dala miliyan 300, sun shiga Sin da takardun izinin da aka sa wa hannu bayan kayan sun riga sun bar ƙasa. Tun kafin wannan, a 2016, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da manyan laifuffuka ya nuna cewa jan katako iri-iri shi ne kashi 35 cikin ɗari na darajar dukkan kayan daji da aka kama ana fasa-ƙwaurinsu tsakanin 2005 da 2014, watau ya fi hauren giwa.

Akwai wani abu a nan da ya kamata ya tsaya wa ɗalibin harshe a rai. A wuraren da aka yi wannan sara, a Taraba musamman, sunan da ya bazu a bakin direbobi da 'yan lodi da dillalai shi ne madrid. Yaron da ya tashi a tsakiyar wannan ciniki ya san madrid kuɗi ne, amma ba lalle ne ya san cewa ita ce madobiyar da kakansa ke sassabo wa shanu ba. Sunan kasuwa ya danne na gida, kuma da sunan gidan ne ake riƙe sanin amfaninta.

To, me hukumomin duniya suka ce? Ƙungiyar IUCN, wadda ke auna halin da halittu ke ciki, ta sa madobiya a 2018 cikin rukunin waɗanda ke cikin haɗari sosai, alhali ayu yana mataki ɗaya ƙasa da haka, cikin rukunin masu rauni. Yarjejeniyar CITES kuwa, wadda ke kula da cinikin halittu tsakanin ƙasashe, ta mayar da ayu Rataye na Ɗaya a taron Bankok na 2013, watau an haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe gaba ɗaya. Madobiya an sa ta a Rataye na Biyu a taron Johannasbag na 2016, wanda ya fara aiki a farkon 2017, ma'ana ana iya cinikinta amma da izini. A 2018 aka dakatar da Nijeriya daga fitar da ita, a 2022 kuma aka tsananta matakin ya shafi sauran ƙasashen da take tsirowa. Wanda ya karanta wannan kawai zai ce ai ayu ya ji daɗi: haɗarinsa bai kai na madobiya ba, kariyarsa kuwa ta fi tata. A nan ne takarda ke yaudara.

Abu na farko, madobiya ana ganinta. Itaciya ba ta gudu, ba ta nutsewa. Ana iya shiga daji a ƙirga na tsaye, a ƙirga kututture, a ƙirga motocin da suka wuce, har ma a je littafin kwastan na ƙasar Sin a ga adadin da ya sauka a kowace shekara. Wannan ne ya sa aka iya cewa ga yawan ɓarnar da aka yi, aka ɗaga ta zuwa babban rukuni. Ayu kuwa yana zaune ne a ruwa mai laka, mai kunya ne, ya fi motsi da dare, abin da ake gani nasa bai wuce ƙofofin hanci biyu ba. A Fulorida ta Amurka, inda ruwa yake garau, daga jirgin sama ake ƙirga ɗan'uwansa. A Binuwai ba mai iya haka. Ƙiyasin da ake yawan ambatawa shi ne manyan da suka rage a Afirka duka ba su kai 10,000 ba, kuma shi ma ƙiyasi ne. Saboda haka zaman ayu a rukunin masu rauni ba shaida ba ce ta cewa yana da sauƙi. Wanda ba a iya ƙirga shi yana da rai, ba za a lura da ranar da ya ƙare ba. Tarihi ma ya nuna irin haka ga wani babban danginsa da ke tekun Bering, can arewa mai nisa: Turawa sun fara ganinsa a 1741, zuwa 1768 mafarauta sun gama da shi, shekara 27 ke nan kacal.

Abu na biyu shi ne haihuwa. Madobiya guda takan zubar da 'ya'ya masu ɗimbin yawa a shekara, ana iya tara irin a rena a dasa, kuma kututturen da aka sare sau da yawa yakan yi toho. Gaskiya ne tana da jinkirin girma, wanda ya dasa yau jikansa ne zai ga gungumen kirki, kuma wutar daji da awaki da yawan sassabe suna hana ƙananan tashi. Duk da haka ƙofar gyara a buɗe take. Macen ayu kuwa takan ɗauki ciki kimanin shekara guda, ta haifi ɗa ɗaya tak, ta shayar da shi shekara ɗaya zuwa biyu, ba ta sake haihuwa sai bayan shekara biyu ko uku, wani lokaci fiye. Idan mashi ya sami uwa, ɗan ma ya tafi. Ba a shuka ayu, ba a kuma kiwonsa kamar tarwaɗa a kududdufi.

Sa'an nan ga muhalli. An gama madatsar Kainji a 1968, ta Lagdo a Kamaru a 1982, ta Jebba kuma a tsakiyar shekarun 1980. Kowace madatsa katanga ce ga dabbar da ta saba bin ambaliya ta shiga fadama da damina, ta koma babban kogi da rani. Waɗanda ke sama sun rabu da na ƙasa, kuma idan ruwa ya janye da sauri sai wasu su maƙale a tafkunan da ke ƙafewa, inda kowa ke iya samunsu. Tarun masunta ma na kashe su ko ba da niyya ba, domin dabba mai huhu in ta sarƙe a ƙarƙashin ruwa nutsewa take yi. A nan ma ne labarin halittun biyu ke haɗuwa, don tudun da aka kwashe wa itatuwa ƙasarsa zaizayewa take yi, yashin ya gangara cikin Taraba da Donga ya faɗa Binuwai, gurbi mai zurfi ya cike. Abin da ya ci Doma, in ji Hausawa, ba ya barin Awe, kuma garuruwan nan biyu ba su da nisa da kogin da ake magana a kansa.

Amma babban bambanci, wanda shi ne ƙashin bayan wannan ra'ayi, yana wajen mai saye. Mai sayen madobiya yana ƙetaren teku. Gungume abu ne mai nauyi, sai da mota, sai da hanya, sai da tashar jiragen ruwa, sai da takarda. Kasuwar da ke da ƙofa ɗaya ana iya rufe ta, ko da masu gadin suna da kwaɗayi, domin in an gaza a Ikko ana iya matsa wa mai karɓa a can. Ba a ce fasa-ƙwauri ya mutu ba, amma dai an san inda za a tsaya a tare. Mai sayen ayu kuwa yana cikin gida. Namansa a bakin kogi ake yanka shi a sayar, ko a ƙyafe shi ya shiga kasuwa ba mai gane shi. Man a kwalba yake tafiya, cikin aljihu ko jakar hannu, daga Yawuri ko Ibi ko Lakwaja zuwa Kano da Sakkwato. Rataye na Ɗaya na CITES bai san da wannan tafiya ba, tun da ba ta ƙetare iyaka ba. Dokar Nijeriya ta kare halittu masu ƙarewa, wadda aka kafa a 1985 aka yi mata gyara a 2016, ta hana farautarsa, amma wane ɗan sanda ne zai buɗe lefe ya nemi kwalbar mai?

Abin da ke tura wannan kwalba ba yunwa ba ce, imani ne: cewa man ayu na kawo farin jini, yana riƙe miji, yana gyara aure, yana maganin sanyin ƙashi. Shi kuwa kitse ne na dabba mai cin ciyawa. Mai hankali zai lura cewa yawan kwalaben da ake tallatawa a kasuwanni da wayoyin hannu ya fi ƙarfin dabbar da ke haihuwar ɗa ɗaya a shekara uku, don haka tilas da yawansu jabu ne. Wani zai ce to ai shi ke nan, jabu ya ceci ayu. Ba haka ba ne. Jabun shi ke raya sunan, shi ke sa mai kuɗi ya ce shi na ainihi yake so ko nawa ne, wannan kuɗin kuwa shi ke sa mafarauci ya kafa gado a kan ruwa ya zuba rogo ya kwana yana jira da mashi.

Yana da sauƙi a zauna a ɗakin karatu a la'anci fataken Sin da jami'an da suka sa hannu a takardun bogi, kuma sun cancanci la'antar. Amma laifi tudu ne. A watan Fabrairu na 2020 wani hoton bidiyo ya bazu inda aka ga samari a yankin Neja Delta suna jan ayu da igiya a kan turɓaya yana mutsu-mutsu, jama'a suka yi ta Allah wadai, har ma'aikatar muhalli ta tarayya ta yi magana. Mutane nawa ne cikin masu tausayin nan a Arewa suka haɗa wannan dabba da kwalbar da ke kan madubin ɗakinsu? Harshe ya raba man da mai shi, har ya zama kamar man ayu wani ma'adini ne da ake haƙowa.

Ana iya kawo suka cewa madobiya ta fi ayu amfani ga jama'a, don rasa ta na taɓa makiyayi da manomi da mai zuma, alhali rasa ayu ba zai hana kowa cin tuwo ba. Wannan magana tana da nauyi, kuma in ana batun wanda ya fi shafar aljihun talaka ne, to madobiya ce. Sai dai tambayar da aka ɗauko ita ce wanne ya fi kusa da tafiyar da ba dawowa. Bayan haka ma ayu ba zaman banza yake yi a kogi ba: yana cinye ciyawar da ke toshe hanyar kwalekwale, kashinsa kuma taki ne ga ƙananan halittun da kifi ke ci. Masunta a wasu wurare sun daɗe da lura cewa gurbin da ke da ayu ba ya rasa kifi.

Tun da imani ne ke kashe shi, ya kamata a tuna cewa imani ya taɓa kare shi. A wurare da dama a Afirka ta Yamma akwai al'ummomin da ba sa taɓa shi sam, wasu don suna danganta shi da Mami Wata, wasu don suna ɗaukarsa tamkar mutum. A tsakanin masu farautarsa ma, irin Sorko na ƙasar Sanwai da Sarkawa na ƙasar Kabi, ba kowane mai kwalekwale ke tunkarar manyan dabbobin ruwa ba, aiki ne na gado mai sharuɗɗa da shugabanni. Tarun roba mai arha da injin jirgi da kuɗin birni su suka rushe wannan shinge, suka bar camfin da ke sa a saya, suka kashe wanda ke sa a ji tsoro.

Nan ne aikin ya faɗo kan sashen Hausa. Kowace shekara ana rubuta kundaye a kan magungunan gargajiya da kayan mata da sana'ar su, a jero man ayu a cikin jerin kayayyaki, a wuce, ba tare da ko layi ɗaya da ke cewa dabbar tana ƙarewa ba. Masu rubuta wasannin rediyo da littattafan soyayya da finafinai, waɗanda da yawansu daga irin wannan sashe suka fito, su ne ke da kunnen matan da ake yi wa tallar. Kuma akwai aikin da masanin kimiyya ba zai iya yi shi kaɗai ba. Tun da ba a iya ƙirga ayu daga sama, babbar taskar sani game da shi tana cikin kawunan tsofaffin masunta: sunayen gurabun da yake zama, watannin da yake hawa da sauka, kirarinsa, abin da ake faɗa kafin a jefa mashi, da wanda aka hana ya ci namansa. Ɗalibin da ya tafi Yawuri ko Numan ko Ibi da rakoda don ya tattaro waɗannan kalmomi zai iya ƙara tambaya biyu a ƙarshen takardarsa, watau a wane gurbi aka ga ayu na ƙarshe, kuma a wace shekara.